Kafin ka yabi wani a Holan ko Beljiyam

Ɗan'uwa sabon zuwa, kalmar da za ka fara riƙewa a yaren Holan (Dutch) ita ce mooi, wato mai kyau, ana furta ta kamar "moy". Gida, riga, yanayin gari, jaririn maƙwabta, duk mooi ne, kuma ba wanda zai ji haushi. In ka gama aiki shugabanka ya ce mooi zo, yana nufin madalla.

Inda ake tuntuɓe shi ne schoon. Asali ita ce kalmar kyau a yaren, 'yar'uwar schön ta Jamusanci. A Holan sai ma'anarta ta karkata zuwa tsabta, mooi ta gaje gurbinta. Amma a yankin Filandas na Beljiyam, irin su Antwerp da Ghent, har gobe za ka ji ana kiran kyakkyawar yarinya schoon. Faɗi haka a Amsterdam, ka ce ta yi wanka ke nan.

Wannan ya shafi abincinka kai tsaye. Tallar aikin da ta ce schoonmaker mai shara da goge-goge ake nema, aikin da baƙi da yawa ke farawa da shi. Schoonheidssalon kuwa shagon kwalliya ne, domin tsohuwar ma'anar tana nan cikin schoonheid, wato kyau. 'Yar'uwa mai neman aikin lalle ko kwalliya, ki duba da kyau kafin ki buga waya. Suruka ma schoonmoeder ce, salon girmamawa da suka aro daga Faransanci.

Knap na nufin kyakkyawa, yana kuma nufin mai basira. Malama ta faɗa wa ɗanka haka, ƙoƙarinsa ta yaba. Lekker kuwa, wato mai daɗi, ina roƙonka ka bar wa abinci. Ka ɗora ta kan mace a wurin aiki, ka shiga maganar sha'awa, kuma nan ba a ɗaukar wannan da wasa. Ni shawarata, yabi aikin mutum ko kayansa, ka ƙyale jikinsa har sai kun saba.

Wanda ƙaddara ta kai Afirka ta Kudu zai tarar da kalmomin nan a Afirkans, yaren da ya tsiro bayan Turawan Holan sun sauka Kef, a ƙarshen kudancin ƙasar, a 1652, aka amince da shi a hukumance a 1925. Can skoon tsabta ce, kuma da mooi ake sallama: mai tafiya a ce masa mooi loop, shi kuma ya amsa wa mai gida mooi bly.