Yadda na gyara foldar da ta ƙi buɗuwa ta Wi-Fi

Kwamfutoci biyu masu Windows 10 suna kan Wi-Fi ɗaya, amma ɗaya ba ta ganin foldar ɗayar. Dalili shi ne Windows ta ɗauki layin a matsayin Public, wanda ke ɓoye kwamfuta daga sauran na'urori. Na shiga Settings, Network & Internet, na danna sunan layin na mayar da shi Private, sannan na kunna network discovery (mai sa kwamfutoci su ga juna) da file sharing (mai ba da damar raba fayiloli).

Password protected sharing kuwa, wato neman password kafin a buɗe foldar da aka raba, a kunne na bar shi. Kashe shi ganganci ne, duk wanda ya hau layin zai iya buɗe fayilolin. A rauta kuma, wato na'urar da ke ba da Wi-Fi, na sa tsarin tsaro na WPA2, na kashe WPS, hanyar haɗa na'ura ba tare da rubuta password ba, domin lambarsa mai alƙaluma 8 ana iya canke ta.