Dambun shinkafa a lokacin kulle

'Yan uwa a shekarar 2020 da korona ta hana mu zuwa Zariya yin Sallah, aka rufe hanyoyin shiga jihohi, ni dai kicin na koma. Ga yadda ake dambun shinkafa. Ki samu ɓarzajjiyar shinkafa kofi 3 ki wanke ki tsane ta sosai, ki turara a madambaci kamar minti 20. Ki juye a roba ki zuba zogale, albasa, attaruhu, maggi, gishiri da dakakkiyar gyaɗa, ki yayyafa ruwa kaɗan, kaɗan fa don wallahi in ya yi yawa caɓewa zai yi, sai ki mayar ya ƙara turaruwa har zogalen ya yi laushi. Soyayyen mai da yaji a kai. In babu ɗanyen zogale busasshe ma ya yi, ki jiƙa shi tukuna.