Kurakuran da Ma'aikatan Kamfanonin Tsara Talla Suka Fi Yi, da Yadda Ake Gyara Su

Kamfanin tsara talla wuri ne da ake sayar da tunani. Banki, ko kamfanin sadarwa, ko masana'antar taliya sai su kawo buƙatarsu, marubuta da masu zane da masu ɗaukar bidiyo su zauna su ƙirƙiro saƙon da za a ji a rediyo, a gani a allunan bakin titi, ko a ci karo da shi a Facebook da Instagram. Sana'ar ta daɗe a Najeriya, domin tun a 1928 aka kafa kamfanin talla na West African Publicity, wanda daga baya ya koma Lintas, sannan aka sami na 'yan ƙasa irin su Insight da Biodun Shobanjo ya kafa, da SO&U, da Noah's Ark, da X3M Ideas. Har yau Legas ce cibiyar harkar, amma Abuja da Kano da Kaduna sun cika da ƙananan kamfanoni masu ma'aikata biyar ko goma, kuma can ne matasan da suka karanta aikin jarida a Jami'ar Bayero, ko zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suke fara neman abin kansu. Da yawansu suna da baiwa ta gaske, amma sai ka tarar da mutum ya shekara shida a kujera ɗaya, alhali wanda suka shigo tare ya zama shugaban sashe. Idan aka bi diddigi, kusan kullum kurakurai ne 'yan kaɗan suke maimaita kansu.

Na farko yana faruwa ne tun kafin a fara aiki, wato karɓar aiki da baki. Mai kamfani ya ce, “Ka zo ranar Litinin, za mu daidaita,” shi kuma yaro yana jin nauyin ya tambayi takarda, kada a ce ya cika son kuɗi. Wata uku ya zama shekara yana matsayin ɗan gwaji, albashi yana zuwa yadda ya ga dama, ranar da aka saɓa kuwa ba shi da abin da zai nuna wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ita ce take sauraren irin wannan ƙara. Gyaran shi ne a nemi takardar ɗaukar aiki mai ɗauke da sunan muƙami, da albashi, da tsawon lokacin gwaji, da hutun shekara, da wa'adin da kowane ɓangare zai bayar kafin rabuwa. A tambayi batun fansho ma, domin dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa kamfanonin da ta shafa su zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kuma a cire masa kashi 8, a tura asusunsa. Akwai wuraren da ake cire kason ma'aikaci amma ba a turawa, saboda haka duba saƙon da kamfanin fansho yake aikowa ba rashin yarda ba ne, kula da haƙƙi ne. Shugaban da ya fusata don an nemi takarda ya riga ya bayyana irin zaman da za a yi da shi.

Kuskure na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, kuma masu hazaƙa ne suka fi faɗawa cikinsa. Mai zane yakan ɗauka aikinsa shi ne ya fitar da abu mai kyau, sauran kuwa matsalar masu hulɗa da kwastoma ce. Bai san nawa kwastoman yake biya ba, bai san ko kwangilar ta wata-wata ce ko ta aiki ɗaya ba, bai san cewa daren da suka kwana suna shirya gabatarwa, wato baje wa kwastoma dabararsu don ya ba su aikin, gasa ce da wasu kamfanoni huɗu, wadda idan aka faɗi sau da yawa babu ko kwabo. Rashin wannan sani shi yake sa ya ɗauki kowane gyara a matsayin raini, ya kuma kasa gane dalilin da albashi yake makara, alhali jinkirin biya daga manyan kwastomomi tsohuwar cuta ce a harkar, har ta kai hukumar kula da talla ta fitar da ƙa'ida a 2021 cewa a biya cikin kwana 45. Ba ana cewa ma'aikaci ya yafe albashinsa don an riƙe wa kamfani kuɗi ba ne. Abin nufi shi ne, ba a ɗaga mutum zuwa shugabancin sashe sai an ga ya fahimci inda kuɗi yake shigowa da inda yake zurarewa. Hanyar koyo a buɗe take. A karanta takardar bayanin aiki da kwastoma ya aiko daga farko har ƙarshe kafin a taɓa kwamfuta, a gano wa ake so ya sayi kayan, me ake so ya yi bayan ya ga tallan, kuma nawa aka ware. A roƙi izinin zama a taron kwastoma ko da ba za a ce uffan ba. Wanda ya ji da kunnensa yadda manajan kasuwanci yake kokawa cewa cinikinsa ya faɗi a Kantin Kwari ko Singa, zanensa na gaba ba zai zama iri ɗaya da na baya ba.

Wannan ya kawo mu ga gyare-gyare, inda ake yawan ɓata zumunci a banza. Kwastoma yakan kira a waya ya ce a canza launi, gobe ya ce shi bai faɗa ba. Maganin abin mai sauƙi ne: bayan kowace magana ta baki, a rubuta abin da aka amince a kai a tura ta imel ko WhatsApp, a jira a ce an gani.

Sai batun kunya da kawaici, waɗanda tarbiyya ce mai kyau a gida amma suna iya cutar da mutum a teburin musayar ra'ayi. An rene mu a kan cewa ba a katse babba, ba a musa wa na gaba a gaban jama'a, kuma ba a yabon kai. A kamfanin talla kuwa, musamman a Legas inda a wasu wurare ake kiran shugaba da sunansa kai tsaye, ana auna mutum ne da abin da ya furta a ɗakin taro. Sai matashi ya zo da dabara mai kyau, ya riƙe ta a ciki, bayan an tashi ya raɗa wa abokinsa a bakin ƙofa, washegari abokin ya faɗe ta a gaban oga a tafa masa. Mata sun fi shan wannan, domin ko sun yi magana sau da yawa akan bi ta kansu a wuce. Ba a buƙatar mutum ya zubar da ladabinsa kafin a ji shi. Ya rubuta dabarunsa uku kafin taro, ya nemi a ba shi dama da wuri tun hira ba ta yi zafi ba, idan kuma zai saɓa wa shugaba ya jingina maganarsa da takardar kwastoma, ya ce, “Ranka ya daɗe, a bayanin da suka aiko sun ce matan aure suke nema, ina ganin wannan hoton samari zai ja.” Wannan ba rashin kunya ba ne, aikin da aka ɗauke shi ya yi ne. Idan aka yi watsi da dabarar, kada ya yi fushi ya daina kawowa, domin a wannan sana'a dabarun da ake zubarwa sun fi waɗanda ake ɗauka yawa nesa ba kusa ba, har ga manyan daraktoci.

Akwai kuskure ɗaya da ya keɓanta da mai jin Hausa, kuma a ganina shi ne ya fi kowanne tsada. Manyan kamfanoni suna buƙatar tallansu ya isa Arewa, ta Freedom Radio da Rediyon Tarayya na Kaduna da Arewa24 da sauransu, don haka duk ma'aikacin da yake jin Hausa nan da nan yakan zama abin nema a ofis. Da farko abin yana da daɗi. Amma yadda aka saba yi shi ne a gama tsara talla da Turanci, a zaɓi hotuna, kwastoma ya sa hannu, sannan da yamma a miƙo masa a ce ya mayar da shi Hausa kafin a tashi. Idan ya yarda da wannan matsayi ba tare da ya ce komai ba, zai shekara goma ana kiransa idan an zo fassara, ana mantawa da shi idan an zo ƙarin girma, domin a idon kamfani bai taɓa ƙirƙirar komai ba. Ga shi kuma aikin da kansa ba ya yin kyau, shi ya sa muke jin tallace-tallace a rediyo da kalmominsu Hausa ne amma babu Bahaushen da yake magana haka, ko mu ga allo a titin Zariya da hoton da bai dace da mutanen da ake son su saya ba.

Mafita ita ce ya mayar da harshen ya zama ƙwarewa ta sanin kasuwa. Duk lokacin da aka ba shi fassara, ya kawo biyu: wadda aka nema, da wadda ya gina daga tushe da Hausa, tare da gajeren bayanin dalilin da ya sa ta biyun za ta fi shiga. Ya nuna musu cewa karin harshen Sakkwato daban yake da na Kano, cewa lokacin azumi da sallah da kakar amfanin gona su ne lokutan da kuɗi yake motsi, cewa barkwancin da ya yi armashi a Legas yana iya zama abin ƙyama a Katsina. Daga nan ya nemi a riƙa sa shi a taron farko, ranar da ake karanta buƙatar kwastoma. Tun daga 1 ga Oktoba 2022 hukumar kula da talla ta ARCON, wadda ta maye gurbin tsohuwar hukumar APCON a waccan shekarar, ta hana amfani da baƙin 'yan ƙasashen waje a hotuna da muryoyin tallan da ake yi don Najeriya, kuma wannan ya ƙara wa wanda ya san masu murya da 'yan wasa na gida daraja. Wanda zai iya cewa ga jarumin Kannywood da ya dace da wannan kaya, ga wanda bai dace ba, ga dalili, ya wuce matsayin tafinta.

Wani sakacin kuma shi ne rashin tara kundin ayyuka. A wannan harka ba a cika tambayar sakamakon digiri ba, abin da ake cewa shi ne, “Nuna mana abin da ka yi.” Duk da haka mutum yakan bar kamfani ba shi da kwafin ko aiki ɗaya, saboda komai yana cikin kwamfutar ofis. Ya kamata duk aikin da ya fita a adana shi, a rubuta wane ne kwastoman, wace matsala aka warware, da ainihin rawar da mutum ya taka, ba tare da ya ci haƙƙin abokan aikinsa ba, domin harkar ƙarama ce kuma kowa ya san kowa. Amma a nan ma akwai rami. Wasu don ɗoki sukan ɗora aiki a shafinsu tun kwastoma bai ƙaddamar da shi ba, ko su baje dabarar da aka gabatar a gasa aka faɗi, kuma wannan kaɗai ya isa a sallami mutum. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba wanda ya ƙirƙiri aiki haƙƙinsa tun farko sai idan akwai yarjejeniyar da ta ce akasin haka, kuma takardun ɗaukar aiki a irin waɗannan kamfanoni galibi suna ɗauke da wannan sharaɗi, don haka a karanta, a kuma nemi izini a rubuce kafin a wallafa. Haka nan ɗauko hoto ko kiɗa daga intanet a saka a tallan kwastoma ba tare da lasisi ba yana iya jawo wa kamfani shari'a, kamar yadda sakin talla ba tare da kwamitin tantancewa na ARCON ya duba shi ba yake jawo tara. Wanda ya ɗauki talla sana'ar rayuwa kuma ya yi rajista da hukumar, domin doka ta buƙaci haka.

Kwana a ofis yana da farin jini a wannan sana'a fiye da yadda ya cancanta. Gaskiya ne akwai makon da ba makawa sai an yi dare, kamar gab da gabatarwa ko lokacin kamfen ɗin zaɓe, amma wanda ya mayar da hakan al'ada yana koya wa shugabanninsa ne cewa lokacinsa ba shi da iyaka, kuma gajiyayyen kai ba ya haifar da sabuwar dabara. Idan ayyuka uku suka haɗu, a je wa shugaba da jerinsu a tambaye shi wanne za a fara. Lokacin salla da Juma'a da shan ruwa kuwa a faɗe su tun makon farko a fili, a tsara aiki a kansu, maimakon a riƙa sulalewa a ɓoye kamar mai laifi. Aikin gefe ma haka: kusan kowa yana yi, amma yi wa abokin hamayyar kwastoman kamfaninka aiki, ko amfani da kyamarar ofis, cin amana ne da ba a mantawa da shi.

Daga ƙarshe akwai yadda ake neman ci gaban kansa. Wasu suna zaune suna jira a lura da su, wasu kuma suna tsalle daga kamfani zuwa kamfani duk wata takwas saboda ƙarin dubu ashirin ko wani babban suna. Ƙaramin kamfani mai mutum huɗu yana iya naɗa yaro daraktan fasaha shekara ɗaya da gama hidimar ƙasa, amma ranar da ya nemi aiki a babban wuri, kundinsa za a buɗe, ba katinsa ba. Kafin a koma wani wuri, a tambayi wa za a yi aiki a ƙarƙashinsa, waɗanne kwastomomi suke hannunsu, kuma ko suna shigar da ayyukansu gasa irin LAIF da ƙungiyar kamfanonin talla ta AAAN take shiryawa a Legas. Idan kuma zama za a yi, a nemi ganawa da shugaba sau biyu a shekara, a je da ayyuka uku ko huɗu da suka yi tasiri, a tambaye shi ƙarara me ya rage kafin a kai mataki na gaba, a rubuta amsar a tura masa. Bayan wata shida a koma da wannan takarda a hannu. Idan an cika sharuɗɗan kuma har zagaye biyu ana cewa a ƙara haƙuri, to lokacin sabunta kundi da tura shi wasu wurare ya yi, tare da ba da cikakken wa'adin da takardar aiki ta tanada da miƙa duk fayilolin kwastoma ga wanda zai gaji kujerar.