Kafin a Shafe Tsakar Gida da Siminti

Ranar da birkila ya zo auna tsakar gidanmu a bayan garin Kano don shimfiɗa intalok, gawayi na ɗauka na zana masa wurare huɗu a ƙasa, na ce nan kada siminti ya taɓa. Ya ce, "Alhaji, ƙura fa za ta dame ku." Ƙura kam an sha ta. Amma yau shekara shida ke nan, in zafin Afrilu ya kore mu daga ɗaki, a gindin mangwaron da ke ɗaya daga cikin wuraren nan muke shimfiɗa tabarma.

In ka tare a sabon gida, kada ka yi gaggawar sayen dashe. Fara lura da rana tukuna. Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar, ya riƙe zafin har tsakar dare, don haka ta nan inuwa ta fi amfani. Ɓangaren da ke samun hantsi ka bar wa kayan miya, suna son rana ta kamar awa shida. In an yi ruwa kuma, fita ka ga inda indararo ke zuba da inda ruwa ke kwanciya. Ni ban yi haka ba, na dasa gwanda uku a wani kwari kusa da kicin. Da marka ta kankama a watan Agusta, cikin mako guda saiwarsu ta ruɓe, suka kwanta.

Ka tuna inda aka binne bututu, da inda sokawe da rijiya suke. Mangwaro yana son tazarar mita biyar zuwa shida daga gini. In filinka hamsin-hamsin ne, guda ɗaya ya ishe ka, kada kwaɗayi ya sa ka ƙara. Gwaiba, lemun tsami da rumman sun fi dacewa da ƙaramin gida, mita biyu zuwa uku daga bango ya wadatar. Darbejiya kuwa a ƙofar gida ya kamata ta zauna, a kewaye ta da bulo saboda awaki.

Inda aikin yake shi ne ƙasa. Ƙasar sabon gida mayaudariya ce: sama lumui, amma ka sa diga sau biyu sai ka ji ƙwal. Gutsattsarin bulo, busasshen kwaɓin siminti, leda, ƙusoshi, da jar marmarar da aka yi ciko da ita, duk suna nan a binne. Dashen da aka sa a kan wannan zai yi shekara yana nan jiya-i-yau, ganye rawaya, kai kuma kana zargin mai sayarwa. Haƙa rami ƙafa biyu faɗi, ƙafa biyu zurfi, ka kwashe ɓaraguzan kaf. Ka samo baƙar ƙasa ta gona, kwano biyu a haɗa da kwano ɗaya na taki, a mai da cikin ramin, a jiƙa, a bar shi mako biyu ya kwanta. Takin nan lallai ya zama tsoho, wanda ya ruɓe ya daina wari, in ka murza ya wargaje a hannu. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi, ɗanyen na shanu kuma gara yake kira. Wani dattijo mai lambu da ya taya ni aikin, na ce masa, "Baba, garar nan fa?" Sai ya ce in riƙa barbaɗa toka a kewayen gindi, in kuma na rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa kada ta taɓa jikin itacen. Ya rage ta sosai.

Lokacin dashe shi ne in damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, kuma da yamma. Wanda ya dasa a Maris, shi da rana ne. In mangwaro za ka saya, nemi mai aure, ka duba gaɓar da aka haɗa da idonka. Yakan fara 'ya'ya a shekara uku zuwa huɗu, na ƙwallo kuwa sai ka jira ninkin haka. Yanke ledar a hankali kada ƙasar ta watse, kada kuma ka binne gaɓar auren. Duk tohon da ya fito ƙasa da ita, tsinke shi.

Kayan miya ba su da wuya. Fangali ɗaya mai faɗin mita guda, ko buhunan shinkafa da aka cika da ƙasa aka huda gindinsu. Da damina a sa alayyahu, yakuwa, rama, lalo da kuɓewa. Alayyahu ma wata guda an fara tsinka. Tumatir, latas da karas a bari sai hunturu, shi ya sa manoman Kadawa da Kura ke noman tumatir da rani. Zogale a jera shi ta jikin katanga, in ya kai ƙugu a datse kansa ya yi rassa, in ba haka ba zai zarce sama ganyen ya fi ƙarfin hannun uwargida.

Sai ruwa, wanda shi ya kamata ya yanke maka yawan abin da za ka shuka. In a hannun 'yan ga-ruwa kake saye, lissafa jarkokin bazara tun yanzu. Sabon dashe yana son bokiti guda duk kwana biyu ko uku, a zuba a hankali da yamma, a kewayen da aka yi wa ɗan gurbi. Ruwan omo da na bilic kada su je wurin, amma na wankin shinkafa da ganye duk a kai gindin shuka. Mu dutsen alwala muka ajiye a gindin lemun tsami, sau biyar a rana yana samun rabonsa, tun shekararsa ta biyu ban sake kai masa bokiti ba.