Yadda za ki sabunta takardun shagon gyaran jiki a Zariya ba tare da ciwon kai ba

Shekarata takwas ke nan da shago a Tudun Wada, dilka, halawa, lalle, wankin kai da kitso, kuma duk shekara sai na ga wata ƴar uwa hankali a tashe wai an zo an liƙa mata takarda a ƙofa. Gaskiya mu ke jawo wa kanmu, sai mu bari sai ana saura sati biyu sallah, shago maƙil da mutane, amarya na kwance da dilka a jiki, sannan a tuna da zancen takardu.

Da farko ki san ƙaramar hukumar da kike, don Zariyar nan biyu ce. In shagonki na Samaru ko kasuwar Sabon Gari to ke ta Sabon Gari ce, mu na Tudun Wada da Gyallesu da cikin birni kuma Zariya. Kar ki ɓata kuɗin Keke Napep ki je sakatariyar da ba taki ba.

Sai ki sayi fayil na roba ki zuba komai a ciki: satifiket ɗin CAC (hukumar rajistar kasuwanci), rasit ɗin bara, takardar hayar shago, fotokwafin katin ɗan ƙasa. Wanda aka fi mantawa shi ne CAC, mutum ya yi rajistar sunan kasuwanci sai ya ɗauka shi ke nan har abada, alhali duk shekara akwai bayanan da ake shigarwa kafin 30 ga Yuni, in kin bari ya wuce tara ce ke hawa, kuma ranar da za ki nemi bashin banki ko tallafi ranar za ki gane kurenki. A intanet ake yi, ko a kafe ma za a taya ki.

Kuɗin izinin wurin sana'a kuwa, a jihar Kaduna hukumar haraji ta KADIRS ke tarawa, kuma ta banki ake biya ba a hannu ba. Ki je ofishinsu da rasit ɗin bara a ba ki takardar abin da za ki biya, ki biya, ki ɗauki hoton rasit ɗin a waya kafin ma ki fito daga bankin. Ni an taɓa cin kuɗina, wasu samari biyu da rigar aiki suka zo da rana tsaka, ina tsakiyar cire wa wata halawa, na ƙirga na ba su don su tafi, suka yago min wata ƴar takarda mai tambari dishi-dishi. Ashe bogi ce, sai da na sake biya. Tun daga ranar duk wanda ya ce in ba shi a hannu sai in ce yallaɓai rubuta min in je banki.

To yanzu ga babban zancen, duba-gari. Su fa ba fayil ɗinki ne kawai damuwarsu ba, ido suke bazawa. Ina ruwan wankin kai yake bi, kwata ko bakin titi? Kwandon shara na da murfi? Banɗaki fa? Ki je sashen lafiya na ƙaramar hukuma da ƙafarki ki ce ranki ya daɗe a zo a duba min, ya fi a ce sun faɗo miki kwatsam, kuma ki tambaya ko suna son takardar gwajin lafiyar yaran shago.

Reza ɗaya mutum ɗaya, ki buɗe ta a gaban kwastoma, in an gama ki jefa a gorar roba mai murfi ba cikin shara ba, yara na tsince-tsince a bola. Almakashi da abin yankan farce da tsinken tsaga a wanke da sabulu tukuna, sannan a jiƙa a ruwan Jik minti goma, a ɗauraye a shanya. Wannan ƙona bakin kilifa da laita na daƙiƙa biyu da masu aski ke yi ai rufe ido ne kawai, ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana bakwai da ranta a busasshen jini. Ni da yarana duk mun yi rigakafinta, allura uku ce. Tawul kuma ki yi yawa da shi, kar a goge wa mutum uku kai da guda ɗaya makero ya bi layi.

Baƙin lalle shi ma a yi hattara, wanda ake haɗawa da rinin gashi akwai sinadarin PPD a ciki, yana tayar wa wasu da ƙuraje masu ruwa har zanen ya zama tabo. Ki ɗiga kaɗan a cikin hannun amarya kwana biyu kafin ranar.

Ƙanwata da ke aure a Ingila ta taɓa ba ni dariya, wai can akwai shagunan da Turawa ke biyan kuɗi su kwanta a cikin wata na'ura mai fitilu don fatarsu ta yi duhu. Na ce ikon Allah, mu nan ana neman fari su suna neman baƙi. Kuma abin ba wasa ba ne, tun 2009 hukumar lafiya ta duniya ta sa na'urar a jerin abubuwan da ke jawo kansa, Birazil ta hana ta a shekarar, Ingila kuma laifi ne a bar ɗan ƙasa da shekara 18 ya shiga.

Namu na nan shi ne man bilicin. Hukumar kula da abinci da magunguna, wato NAFDAC, ta haramta man da ke da sinadarin makuri, don haka duk abin da ke kan kantarki ki juya bayansa ki ga lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Wannan haɗin da ake zubawa a roba babu suna babu lamba, wai amarya ta yi haske a kwana bakwai, in aka kama shi a shagonki ba rasit ɗin da zai cece ki. In kwastoma ta zo da nata a jaka, ni dai ce mata nake Hajiya ki yi haƙuri ki shafa a gida.

Rasit ɗin bana ki yi masa fotokwafi, ki sa a leda ki manna a bango kusa da madubi, na asalin kuma ya kwana a gida.