Babi na 4: Wankin Kafet da Iskar da Muke Shaƙa a Ɗaki

Iyayena da yayyena, a karanta a hankali. Wanda kalma ta tsaya masa ya ɗora yatsa a kanta ya sake. Ba mai korar mu.

Darasi na 1: Me ke cikin kafet?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, ta shigo ta taga ta kwanta a gashin kafet. A ciki kuma akwai ƙwari ƙanana da ido ba ya gani, masu cin ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikinmu. Kashinsu na tayar da atishawa, ƙaiƙayin ido da asma. Yaro mai rarrafe ya fi kowa shaƙa, don hancinsa na dab da ƙasa.

Darasi na 2: Kaɗewa da wanki

A naɗe kafet a fitar tsakar gida, a rataya a katanga. A ɗaure hanci da baki da ƙyalle. Yara da mai asma su matsa nesa. A buga da sanda har ƙura ta daina tashi. Sai a zuba garin sabulu kaɗan a bokitin ruwa, a goge da buroshi, a ɗauraye har kumfa ta ƙare. Kada a haɗa Hypo da wani maganin wanki, iskar da ke tashi guba ce.

Darasi na 3: Shanya

Nan ne ake faɗuwa, don haka nan za mu daɗe. Kafet na bushewa a sama alhali ƙasansa jiƙe yake. In aka shimfiɗa shi haka, funfuna na iya fara fita cikin awa 24 zuwa 48, wato kwana ɗaya zuwa biyu. Warin da kuke ji a ɗaki bayan wanki, ita ce, kuma tana tayar da tari.

A shanya a rana. Da azahar a juya shi. A taɓa bayansa, ba gabansa ba. Bayansa, Baba. Ga gwaji: a sa busasshen ƙyalle a ƙarƙashi, a taka da diddige, a ɗaga. In ƙyallen ya yi sanyi, kafet bai bushe ba, a mayar rana. In an sake gwadawa har yanzu da laima, a sake mayarwa. Madalla, kun iya.

Mutanen Yauri da Argungu, ku da ke bakin gulbi, a Agusta iska cike take da laima. Ku haƙura da wankin ruwa sai damina ta wuce, ku kaɗe kawai.

Amma fa sai na yi faɗa. Kowane aji ina maimaita wannan, a amsa "to, Malama", a koma gida a shimfiɗa jiƙaƙƙe wai gobe suna, baƙi za su zo. Haba Hajiya! Kan wannan kafet za a kwantar da jaririn. Turaren wuta kuma ba ya kashe funfuna, wari kawai yake rufewa, ya ƙara hayaƙi. A juya, a taɓa baya, a gwada da ƙyalle.

Darasi na 4: Shara

A buɗe taga kafin shara. A cire takalmi a bakin ƙofa.

Darasi na 5: Aikin gida

A rubuta wannan jimla sau 5: "Zan taɓa bayan kafet." A zo da littafi ranar Litinin.