Yadda ake biskit mai bota da jam ɗin abarba a tsakiya

Uwargida wannan biskit ɗin da ake manna guda biyu a sa jam a tsakani wallahi ba shi da wata wahala, abu biyu ne kawai ke ɓata wa mutane shi, zafin gari da jam mai ruwa-ruwa.

Awonsa ma sauƙi gare shi, sukari kashi 1, bota kashi 2, fulawa kashi 3. In kina da sikeli kenan sukari giram 100, bota 200, fulawa 300, sai gwaiduwar ƙwai 1 da ɗan filebo. Sukarin ki niƙa shi a bilenda ya zama gari don kar ya riƙa ƙaras-ƙaras a baki. Bota kuwa in da hali ki nemi ta madara ta gaske, majarin ma yana yi amma gaskiya ƙamshin ba ɗaya ba ne, kuma shi yawanci da gishirinsa yake zuwa don haka kar ki ƙara wani.

Ki fara da jam saboda ya samu ya huce. Ki fere abarba nunanniya ki cire tsakiyar nan mai tauri ki goge ta, kofi 2 na abarba sukari kofi 1, ki matse rabin lemon tsami a kai ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan kina juyawa, zai ɗau kamar minti 30 zuwa 40. Don Allah kar ki yi gaggawar saukewa, nan ne mutane ke kuskure. Ki ja cokali a ƙasan tukunyar, in kin ga hanya ta buɗe kina hango ƙasan kuma bai koma ya rufe nan take ba to ya yi. Lokacin mangwaro ma haka za ki yi da shi, sai dai ki rage sukari tunda shi da zaƙinsa.

Sai kwaɓi. Ki buga bota da sukari har su yi haske su yi laushi, ki sa gwaiduwa da filebo, ki tankaɗe fulawa a kai ki haɗa a hankali. Ba a cuɗa shi kamar kwaɓin burodi fa, da ya haɗe jikinsa ki tsaya, yawan cuɗa shi ke sa biskit tauri. Ko ɗigon ruwa kar ki sa. Ki naɗe a leda ki sa a firji minti 30, in babu wuta ki ɗora kwanon a kan ƙanƙara ko ki bari sai da asuba gari da sanyi, don in botar ta narke tun kafin gashi biskit ɗin bajewa zai yi a tire ya rasa siffa.

Ki barbaɗa fulawa kaɗan ki murza, kaurin kar ya wuce rabin santimita tunda biyu za a haɗa. Ki yanka biskit ɗin da bakin ƙaramin kofi, rabinsu ki huda tsakiya da murfin kwalbar lemo, ta nan jam zai leƙo ya yi kyau.

Obin ya riga ya yi zafi digiri 170, minti 12 zuwa 15. Da gefen ya fara sauya kala ki cire ko da kin taɓa kin ji laushi, in ya huce zai yi ƙarfi da kansa, ki bar su a tiren minti 10 kar ki ɗaga da zafi karyewa za su yi. Mai gashi a tukunya da yashi, gawayin ƙasa ya zama kaɗan, ki ɗora wasu a kan murfi, kuma ki riƙa dubawa don bota saurin ƙonewa gare ta.

Sai sun huce sarai ki shafa jam ƙaramin cokali ɗaya a marar huda, ki ɗora mai huda ki danna a hankali. In na Sallah ne ko na biki, ki gasa ki adana a roba mai murfi ba jam za su kai sati, ranar da za a ci da safe sai ki manna, don waɗanda aka riga aka sa wa jam bayan kwana 2 sun fara laushi.